Hancin Aro

Mayahi, watan da ya kamata a ce kaka ce.

Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar gida, da fatan mota ta sauke ki Isawan lafiya, kin samu ɗaki mai ƙyaure, kin samu ruwa kusa. Allah Ya tsare ki a zaune da a tafe, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga abin da ido ba ya gani. Innarki tana gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, yana nan yadda kika bar shi.

Za ki yi mamaki na rubuto da Hausa, ba da Faransanci ba kamar lokacin da kike makarantar horon malamai a Damagaram, ba kuma da Darnanci ba. Za ki ƙara mamaki in kin ga ina bayyana abubuwan da kin fi ni sani. Ki daure ki kai ƙarshe, akwai dalili.

Ga abin da ke gabana. Tun ƙyandar da kika yi kina yarinya, a shekarar fari na farko da ruwa ya ƙi zuwa, hancinki bai ƙara jin wari ko ƙamshi ba. A gida ba ki taɓa rasa hanci kusa da ke ba, ko nawa ko na innarki. A Damagaram tukunya ɗaya ake dafa muku, in abinci ya lalace wata za ta yi ƙorafi kafin ki kai loma baki. Yanzu ke za ki sayi hatsinki, ki ɗebo ruwanki, ki kunna fitilarki, a shekarar da ake kawo wa kasuwa abin da a da ko akuya ba a ba wa. Kuma ba wanda ya san halinki a garin. Wannan ne damuwata. Na zauna na jera kurakuran da na yi a kan lamarin nan, don ki ga inda hanyar take da rami.

Darnanci ya girme ki. Na fara shi ina kwaleji a Maraɗi. An hana mu Hausa a aji da a fili, Faransancina kuma bai kai in yi hira da shi ba, sai na ƙirƙiri harshe na uku wanda ba doka a kansa. Ba zaurance ba ne, ba juya kalmomin Hausa nake yi ba. Kalmominsa nasa ne, yana da ƙidayarsa da sunayen kwanakinsa. Ni kaɗai nake jin sa, a bayan kayena, littafin rubutuna, yake zaune, ko suna ba shi da shi. Da na fara aiki a mangaza, inda muke auna hatsi muna ajiyewa, sai na kan ƙara masa kalma ɗaya ko biyu in rana ta yi tsawo. Ban taɓa tsammanin zai yi wa wani amfani ba.

Na gane abin da ya same ki ne a hanyar Kanan-Bakashe. Shekarar shanu suna faɗuwa a gefen hanya. Muka zo wurin wata mushen saniya, kowa ya toshe hanci da gefen riga ya ƙara sauri, ke kuwa kika tsuguna dab da ita kina tsintar aduwa kina tsotsa. Da muka koma gida na sa kika rufe ido, na kawo miki kalanzir, na kawo turaren innarki, na kawo ruwa. Kika ce duka ruwa ne. Likita a Tasawa ya ce zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Bai dawo ba.

Ke ce ɗiyar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Bakina ba ya kiran sunanki na yanka, kuma ba a ganin mutum yana zaman hira da ɗan fari a tsakar gida. Amma ba wanda ya hana a koya wa ɗan fari karatu. Sai na ɗauko harshen nan na ce darasi ne. Ina zargin kaina cewa rabin abin taimakonki ne, rabi kuma hanyar yin magana da ke ce. Ke kika raɗa masa suna, kika ce tunda ba ya wuce darnin gidanmu, Darnanci ne.

Na fara da tunanin cewa Hausa ba ta da isassun kalmomin wari. Da na zauna na lissafa sai na ga tana da su: ƙamshi, ɗoyi, ƙauri, ƙarni, zarni, bashi, hamami. Matsalar ita ce duk kalmomin masu hanci ne. In na ce wa innarki “ƙarni”, ina tuna mata ne da abin da ta taɓa ji. Ke ba abin da zan tuna miki, ɗan abin da kika ji kafin ƙyanda ma ya fara gushewa. Har yanzu ina ganin wannan tunanin daidai ne. Abin da na gina a kansa ne ba daidai ba.

Na yi yadda aka koya mini a lakwal, makarantar boko, na ja layi na raba wari gida-gida bisa inda ya fito. Gidan wuta, gidan ruwa, gidan dabba, gidan tsiro, gidan mutum. Kowane gida da farkon kalmarsa, kowane abu da ƙarshensa. Ƙaurin ƙashi daban, ƙaurin gashi daban, ƙaurin auduga daban. Na ji daɗin aikin ƙwarai. Na duba kayena na wancan lokacin, na ga na rubuta da Faransanci cewa tsarin ba shi da ɓaraka. Kina haddacewa kullum bayan la’asar, kuma ba ki taɓa faɗuwa tambaya ba.

Wata rana da hantsi kina hura wuta, gefen zanenki ya kwanta a kan garwashi. Ina zaure na ji ƙaurin tsumma. Na ɗaga murya na ce, “Melandu!” Kika tsaya da mafici a hannu, kika ɗaga ido sama kamar a aji, kina cewa, “Mela, gidan wuta. Ndu, ndu, tsiro ne ko?” Innarki ce ta yar da tsintsiya ta watsa miki ruwan tulu. Ta juyo ta leƙo zaure ta ce, “Malam, in wuta ce ka ce wuta.” Tabon yana nan a ƙaurin ƙafarki, ƙarami ne.

Abin da na ɗauka a nan: kalmar da ba ta gaya wa hannu abin da zai yi ba, ta zaman hira ce. Ki tuna da wannan a gaban allo. Yaran Isawan za su iya haddace miki sunayen kogunan duniya ba tare da kuskure ba, kamar yadda kika haddace mini gidajen wari. Kada kyan haddar ya ruɗe ki. Ki riƙa tambayar kanki, in yaron nan ya fita ƙofa, me zai yi da abin da na ba shi.

Sai na rushe gidajen na mai da su biyu, mai daɗi da marar daɗi. Na ce miki mai daɗi a ci, marar daɗi a zubar. Gajere ne, na yi murna da shi. Ba a jima ba Gwaggonki Hajo, yayata, ta zo daga Gidan Amumune da ƙunshin daddawar da ta yi da hannunta. Ta buɗe a tsakar gida, na ɗan yamutsa fuska, kika dube ni kika tambaya da Darnanci, na amsa miki da gaskiya cewa marar daɗi ne. Muka shiga gaisuwa. Da aka zo ɗora miya aka nemi daddawa, kika ce kin kai ta juji.

Gwaggonki ba ta san halinki ba, ban gaya mata ba. Ta riƙe haɓa ta ce, “Laminu, wannan ce lakwal ɗin? Daddawar da na kwana uku ina wahala a kanta? Ke ’yar Nasara, gobe sai ki zubar da ni, ni ma ban yi wanka da sabulun kanti ba.” Kina kuka, tana tsintar daddawa a toka tana hurewa, tana ƙara zagina da ni da turancin aljanun da nake koya miki. Miyar ranar ta yi ƙasa-ƙasa, amma mun ci.

Da yamma na zauna na rubuta abubuwan da ke wari amma abinci ne: daddawa, man shanu, kifi busasshe, tsohuwar kuka. Na rubuta waɗanda ba sa tayar da hankalin hanci amma suna kwantar da mutum. Jerin ya yi tsawo duka ɓangarorin. Daɗi da rashin daɗi ra’ayin mai hanci ne, ba labarin abin ba ne. Saboda haka in wani ya ce miki abu yana wari, kada ki tsaya nan. Ki ce, warin da aka san shi da shi, ko wani sabo? Wannan tambayar ta fi duk kalmomin da na ƙirƙira amfani. Tana aiki a kan mutane ma. Za a gaya miki wane ba shi da kirki tun kafin ki gan shi, musamman makiyayan da suka rasa dabbobi suka sauka gefen gari. Ki tambaya me ya yi.

Tsari na uku shi ne wanda muke kansa har yau, kuma ba ni kaɗai na yi shi ba, da innarki muka zauna. Muka bar tambayar daga ina wari ya fito, muka bar ta daɗi, muka riƙe ɗaya: me za a yi. Sumo, a ci a sha ba damuwa. Lenke, na yau ne, a tafasa a cinye, kada ya kwana. Bugur, a zubar, kada a ba ko kaza. Jub, a saki abin da ke hannu a tashi daga wurin. Na gajarta ta da gangan saboda zanen nan da ya kama wuta. Ta ƙarshe innarki ce ta kawo ta, ni ban yi tunaninta ba: oshi, abin a jikinki yake ko a tufafinki, ki je ki wanke. Ta ce wannan ba a faɗa da ƙarfi, kuma ba namiji ke faɗa ba. Ban taɓa faɗa miki ita ba.

Tsarin ya yi aiki. Amma da na ga ya yi aiki sai na rufe ƙofa. Duk wani abu mai kyau a duniya ya zama sumo. Ina tuna wata damina tsakanin farin nan biyu, ruwan farko ya sauka, yara suna tsalle a waje, innarki ta tsaya a bakin ɗaki tana jan iska. Kika zo kika tsaya gefena kika ce, “Baba, me take ji?” Na ce sumo. Kika ce, “Da gyaɗa soyayya?” Na ce sumo. Kika ce, “To ruwan sama da gyaɗa ɗaya ne?” Na ce a Darnanci ɗaya ne. Kika ce to. A kayena na rubuta ranar cewa tambayar ba ta da amfani ga tsaro. A tunanina kuwa ina ganin kamar na yi miki dogon bayani. Na fi yarda da kayen. Ba ki sake tambaya ba.

Bayan shekaru na ji kina gaya wa innarki wata kalma da ban sani ba, a harshen da nake ganin nawa ne. Na tambaye ki. Ashe akwai abin da ke isa hancinki: barkono in ana daka shi, hayaƙi, kanumfari, toka. Ba wari kike ji ba, yaji ne ko sanyi, kamar yadda ido ke ji. Kin raba su biyu da kanki, wisi ga mai sanyaya hanci, carak ga mai tsikara. Shekaru ina tsara miki abin da ba ki ji, ban taɓa tambayarki abin da kike ji ba. Na ƙara kalmomin a kaye, na rubuta sunanki a gefe.

Nasiha biyu ke nan. Ta farko ta aikinki ce: kafin ki zuba wa yaro, ki duba abin da ya zo da shi. Ɗan makiyayi da ba ya jin Faransanci yana iya sanin sunayen launin shanu da ba ki taɓa ji ba. Ta biyu ta rayuwarki ce, kuma ta fi nauyi. Kada ki dogara da wisi da carak. Ruɓaɓɓen nama ba ya tsikarar hanci. Ruwan rijiyar da dabba ta mutu a ciki ba ya tsikara. Kalanzir a kwalbar da aka saba zuba ruwa ba ya tsikara sai ya kai maƙogwaro. Ki ɗaura wa kwalbar kalanzir jan tsumma tun yau. Abincin da ya kwana ki ɗauke shi lenke ko da ya yi kyau a ido. Rijiyar da kika ga mata sun daina zuwa, kada ki ce kin samu wadda ba layi. Fura in kin dama, ki sha a lokacin.

Akwai ƙaramin abu da ya kamata in saka a nan. Kin tuna rabon jar dawa a mangaza, shekarar da sojoji suka karɓi mulki? Kin kawo mini abinci, muna magana da Darnanci a bakin sikeli, wani soja da ke tsaron layi ya matso ya ce, “Wane yare ne wannan?” Na ce na gida ne. Ya ce gidan ina, shi ya yi aiki daga Gaya har Bilma bai taɓa jin sa ba. Na ce ni na ƙirƙira. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Kai kaɗai? Don me?” Na ce wasa ne da yarinya. Ya ce in faɗi “buhu” da shi, na faɗa, ya yi dariya ya ce in ci gaba da awo. Amma da aka tashi ya tambayi abokin aikina sunana. Ba abin da ya biyo baya. Duk da haka, a zamanin nan harshen da mutum biyu kawai ke ji yana jawo ido. Ke ma’aikaciyar gwamnati ce yanzu. Kada ki rubuta shi a allo ko a takardar lakwal, kada ki yi ta magana da shi ke kaɗai a gaban mutane kamar yadda kike yi in kina wanki.

Yanzu na zo kan babban. Duk sauran kurakuran na tsari ne, an gyara su da alƙalami. Wannan na shawara ne.

Tun ranar da muka dawo daga Tasawa na ce wa innarki kada kowa ya sani. Dalilaina sun yi kama da hankali. Yara za su sa miki suna. Za su riƙa kawo miki ƙazanta a ganye su ce ki shinshina. In kin girma za a ce macen da ba ta jin ƙaurin tukunya ba ta riƙe gida. Innarki ta ce mutane suna zaune da makafi da kurame ba a kore su ba. Na ce wannan daban ne, tunda ana iya ɓoye shi. Abin da ya sa na ɓoye ke nan, don ana iya ɓoyewa.

Sai na koya miki abin da ya fi muni. A kasuwa mace ba ta sayen man shanu ko daddawa ko hatsi sai ta kai hanci. Wadda ba ta kai ba za a lura. Na koya miki ki ɗiba, ki kai hanci, ki ɗan yi jim, ki miƙa wa innarki kamar mai neman shawara. Ita ta shinshina ta ce sumo ko bugur a hankali, ke kuma ki faɗa wa mai kaya da Hausa. Kika ƙware. Har Bafulatanar da muke sayen nono a wurinta takan ce, “Ɗiyar mai mangaza ta zo, ku ɓoye na jiya.” Aka san ki a unguwa da hanci mai kyau. Ina jin ana faɗa, ina jin daɗi. Hancin aro ne, kuma mai shi yana tsaye a gefenki kullum, shi ya sa ban ga haɗarin ba.

Kin san abin da ya faru a watan jiya, amma ba ki san ƙarshensa ba. Innarki tana kwance da zazzaɓi, kika tafi kasuwar Kanan-Bakashe da Saude maƙwabciyarmu. Gero ya yi wuya, kuka samu wani baƙo da buhu ɗaya mai sauƙi. Kika ɗiba kika kai hanci kika yi jim, don hannunki ya saba, kika gyaɗa kai. Kika auna, Saude ta auna. Iri ne da aka shafa wa maganin ƙwari don shuka, ruwa bai zo ba, wani ya wanke jan garin ya shanya ya kawo kasuwa. Launi ya tafi, warin bai tafi ba. Da kika zuba a turmi kika yayyafa ruwa, innarki daga kan gado ta ce, “Jub!” Kika saki taɓarya nan take. A nan kalmar ta yi aikinta.

Ni na ruga gidan Saude. Na tarar ta gama surfe, ta ba kaji dusa, tana shirin kai niƙa, yaranta suna zaune suna jira. Na ce ta tsaya. Ta ce, “Wallahi na ji wani abu-abu, Mai mangaza. Amma na ce Uwani ta shinshina, wane ni?” Na ce mura kike yi ranar. Abin da ya fito bakina ke nan. Kajinta biyu suka mutu kafin azahar. Da innarki ba ta ji ba, da ba kaji ba ne.

Na daɗe ina juya maganar Saude. Hancinta lafiya lau, ya gaya mata gaskiya, ta ƙaryata shi saboda naki. Ni ina ganin asirinmu ba ya cutar da kowa, iyakarsa darni. Ashe kullum in kin kai abu hanci a kasuwa, wata tana kallo tana yanke shawara da shi.

Ranar da motarki ta tashi, na dawo daga tasha ban shiga gida ba, na yi sallama a ƙofar Saude. Ta fito da ludayi a hannu. Na ce ba mura ba ce. Na gaya mata daga ƙyanda har zuwa kasuwa. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi mini Allah ya isa. Ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, “Kai Mai mangaza, boko ya cuce ka. Shekara nawa ina zaune jikin darninku da hanci yana zaman banza? Da kun faɗa, ai da ni zan riƙa shinshina mata. Yarinya tana tafe kamar makauniya ba sanda, kun sa mata tabarau wai kada a gane.” Sai ta ce, “To wannan jub ɗin da nake ji ana kwaɗawa a gidanku, ashe ba sunan kyanwa ba ne?” Na ce a’a. Ta sa na faɗa mata sauran. Lenke ta fi burge ta. Jiya na ji tana gaya wa ɗiyarta, “Ke, tuwon nan lenke ne, ku cinye.” Ba ta yafe mini kajin ba, ta ce wannan maganar daban.

Ban nemi izininki ba kafin in faɗa. Na san haka, kuma ban tabbata na yi daidai ba. Sirrin a jikinki yake, ba a nawa ba. Amma ni na ɗaura shi, na ga ni ya kamata in fara kwancewa. Zan gaya wa Gwaggonki ranar kasuwar Gidan Amumune. Ina sa ran za ta tayar da maganar daddawa.

Ga dalilin Hausar. Daraktan lakwal ɗinku ya gaya mini gidan wata dattijuwa za a sauke ki, Iya Gwamma. Ban san ta ba. Ina so ki zauna da ita da rana, bayan kin taya ta wani aiki, ki karanta mata wasiƙar nan da bakinki. In akwai wurin da kika ji kunya ki tsallake, amma kada ki tsallake farko. Na rubuta ta yadda baƙo zai gane don kada ki sha wahalar neman ta inda za ki fara. In ba ki so ki karanta, ki ninke ta ki faɗa da kalmominki, ya ma fi. In kin ga ba mai riƙe magana ba ce, ki nemi wata, amma kada neman ya zama hanyar jinkiri. Na san wannan hanyar, na bi ta shekaru.

Ba lallai ta koyi Darnanci ba. “Ci”, “zubar”, “tashi” sun isa. Abu ɗaya za ki roƙe ta da kanki, wanda innarki take yi miki: in akwai oshi, ta ja ki gefe ta faɗa. Mutane sun fi jin nauyin wannan a kan duka, sai an ba su izini.

Kuma ki daina kai abu hanci a kasuwa. Ki riƙe hannunki. Ki miƙa wa ta kusa da ke ki ce, “Shinshina mini, ni ba na ji.” Za a yi dariya ranar farko. Wata za ta kawo miki abu don ta gwada ki. Wataƙila yaran ajinki su sa miki suna. Duk abin da na ji tsoro zai iya faruwa, ban ce ba zai faru ba. Na auna shi da yaran Saude a zaune suna jiran niƙa, na ga wanda ya fi nauyi.

Iya Gwamma, idan ana karanta miki wannan, ina gaishe ki da girmamawa. Yarinyar nan tana da ido da kunne da hankali, ba ta da ƙiwa. Hanci kawai za ki ara mata. Allah Ya saka miki.

Uwani, ba zan tambaye ki ko kin faɗa ba. Na san ki, za ki ce mini komai lafiya. Ga abin da nake so. An ce a kasuwar Isawan Buzaye suna kawo cuku da nonon raƙumi, duk da bana ban san abin da ya rage musu ba. Ban taɓa shinshina nonon raƙumi ba, Darnanci ba shi da kalmarsa. Ki sa wadda kika gaya wa ta shinshina, ta bayyana miki yadda ta iya, da me ya yi kama, me yake tuna mata. Kada ki yarda ta tsaya a kan “yana da daɗi”. Ke ki ƙirƙiri kalmar, kada ki sa ta a ƙarƙashin sumo. Ki rubuto mini ita a ƙasan wasiƙarki, kalma ɗaya ba za ta dami kowa ba. Na buɗe sabon shafi a kaye, na bar shi fari. In kalmar ta zo, na san akwai hanci kusa da ke.

Kalmar ƙamshin ruwan farko kuma, wadda kika tambaye ni na hana ki, mu bar ta sai Allah Ya kawo damina. Innarki ta ce ita za ta bayyana miki, ni in yi shiru in rubuta.

Allah Ya tsare abin da za ki ci da abin da za ki sha. Ya tsare ki daga wuta da guba da mugun ruwa. Ya sa ki gama da yaran mutane lafiya, Ya saukar mana da ruwa mai albarka, Ya maido ki gida da ƙafafunki. Amin.

Mahaifinki,
Laminu